Gizo a Titin Adetola: Nazari a kan Ken Saro-Wiwa da Wasan Talabijin na "Basi and Company"

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka ambaci sunan Ken Saro-Wiwa a yau, abin da yakan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne gwagwarmayar al'ummar Ogoni da kuma rataye shi da aka yi a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995, tare da wasu mutum takwas, a zamanin mulkin Janar Sani Abacha. Girman wannan al'amari ya danne sauran sassan rayuwarsa, har ya kai ga manazarta da yawa sukan ambaci aikinsa na talabijin cikin layi ɗaya ko biyu su wuce, kamar wata sana'a ce da ya taɓa kafin ya kama aikinsa na sosai. Alhali kuwa kafin a san shi a ƙasashen waje, miliyoyin 'yan Nijeriya sun riga sun san shi ta hanyar wasan ban dariya mai suna Basi and Company, wanda shi ne marubucinsa, shi ne kuma mai shirya shi, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1990.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wannan wasa a matsayinsa na aikin adabi, ta auna abin da marubucin ya yi nufi da abin da zubin wasan ya ba shi damar yi. Ra'ayin da za a kafa shi ne cewa Saro-Wiwa ya ari ƙwarangwal ɗin tatsuniya don ya yi wa ƙasarsa gyaran hali, ƙwarangwal ɗin ya jawo masa masu kallo ba adadi, amma kuma shi ne, tare da gidan da ake nuna wasan, ya taƙaita inda kibiyar zambonsa za ta iya kaiwa.

2.0 Marubucin da zamaninsa

An haifi Kenule Saro-Wiwa a garin Bori ranar 10 ga Oktoba, 1941. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, sannan ya wuce Jami'ar Ibadan inda ya karanci Turanci. Lokacin yaƙin basasa ya bi ɓangaren gwamnatin tarayya, aka ba shi riƙon garin Bonny mai tashar jiragen ruwa, daga bisani ya zama kwamishina a Jihar Ribas har zuwa 1973 da aka sauke shi. Daga nan ya shiga kasuwanci da harkar gidaje, ya tara abin hannu daidai gwargwado, ya kuma kafa kamfanin Saros, wanda ta hannunsa ya riƙa buga littattafansa da shirya wasanninsa.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga fahimtar wasan. Mutumin da ya zauna rubuta Basi and Company ya riga ya ga cikin ofishin gwamnati, ya ga yadda ake ba da kwangila, ya kuma zauna a kanti ya ƙirga riba da faɗuwa. Haka kuma kasancewarsa mai zuba kuɗinsa a aikin ta ba shi ikon da marubutan talabijin na wancan zamani ba su cika samu ba, domin galibinsu ma'aikatan tasha ne masu jiran albashi. Shi kuwa labari nasa ne, zaɓen 'yan wasa nasa ne, littafin da za a fitar daga wasan ma shi zai buga.

Zamanin da wasan ya fito shi ne na farkawa daga mayen man fetur. Shekarun 1970 sun zo da ƙarin albashin Udoji da cunkoson jiragen siminti a tashar Ikko, aka ga mutane sun kwanta matsiyata sun tashi attajirai ta hanyar takardar izinin shigo da kaya kawai. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, sai aka shiga tsuke bakin aljihu, gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ta Janar Babangida kuma ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta karye. Kuɗin ya tafi, amma kwaɗayin da ya haifar bai tafi ba. Wannan kwaɗayi, watau son yin arziki dare ɗaya ba tare da gumi ba, shi ne jigon wasan tun daga farkonsa har ƙarshensa.

3.0 Zubi da tsarin wasan

Tushen wasan wani ɗan gajeren wasa ne mai suna The Transistor Radio, wanda gidan rediyon BBC ya watsa a farkon shekarun 1970. Daga nan ne taurarin suka taso, aka faɗaɗa su suka zama shiri na mako-mako. Ana ɗaukar hoton wasan a Inugu, amma labarin yana gudana ne a titin Adetola cikin birnin Ikko. An yi kashi wajen 150, kuma a lokacin da wasan yake tashe an ƙiyasta masu kallonsa sun kai miliyan 30.

Taurarin ba su da yawa, kowanne kuma da hali guda da aka san shi da shi. Basi, wanda ake kira Mr B, ba ya da aikin yi, yana zaune a ɗaki guda wanda ya daɗe bai biya kuɗin hayarsa ba, takensa kuwa shi ne wai duk mai son zama miloniya sai ya riƙa tunani irin na miloniya. Alali yaronsa ne kuma abokin zamansa, kullum kukansa yunwa. Madam ita ce mai gidan haya, mace mai son kuɗi da nuna isa. Dandy yana da mashaya, Josco abokin ƙulle-ƙullensa ne, sai kuma budurwa mai suna Segi. Kusan kowane kashi tafiyarsa ɗaya ce: wani daga cikinsu zai hango hanyar samun kuɗi a ɓagas, sauran su ji ƙanshi su shigo, kowa yana ƙoƙarin ya yi wa ɗan'uwansa wayo, daga ƙarshe dabarar ta rushe, kowa ya koma inda ya fito.

Abin yabo na farko a nan shi ne tattalin kayan aiki. Da ɗaki ɗaya, da falo ɗaya, da mashaya ɗaya, marubucin ya zana ƙaramar Nijeriya wadda a cikinta babu mai noma, babu mai ƙira, babu mai saƙa, kowa dillali ne na abin da bai mallaka ba. Abin yabo na biyu shi ne yadda ya haɗa Basi da Alali. Duk lokacin da Basi ya hau gajimare yana lissafin miliyoyi, cikin Alali ne yake jawo shi ƙasa. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin miliyan da ake ambato da lomar da babu ita, kuma mai kallo na 1987, wanda albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata, ba ya bukatar a fassara masa wannan tazara.

4.0 Basi da Gizo

Da Saro-Wiwa ya mayar da wasan littafi a 1987, ƙaramin sunan da ya ba shi yana bayyana shi a matsayin tatsuniyar Afirka ta zamani. Ke nan shi da kansa ya nuna inda ya yi aro. A tatsuniyoyin kudancin Nijeriya kunkuru ne sarkin wayo. A ƙasar Hausa kuwa wannan gurbi na Gizo ne. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba zai sha wuya ba wajen gane Basi: malalaci ne, makwaɗaici, mai zaƙin baki, wanda ba ya da ƙarfin zaki ko na giwa, sai dai dabara.

Akwai abubuwa biyu a halittar Gizo da suka dace da wasan mako-mako ƙwarai. Na farko, Gizo ba ya tuba. Ko an kama shi an yi masa dukan kawo wuƙa a tatsuniyar daren jiya, yau zai fito sabo ful, kamar ba abin da ya faru. Na biyu, Gizo gurbi ne wanda kowane mai ba da labari zai iya cikawa. Wasan ya tabbatar da wannan a aikace, domin Albert Egbe ne ya fara fitowa a matsayin Basi, daga baya Zulu Adigwe ya karɓa, shirin kuma ya ci gaba.

To, amma a nan ne matsalar take. Marubucin yana son mai kallo ya fahimci cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, shi ya sa kowane kashi yake ƙarewa da faɗuwar Basi. Sai dai faɗuwar da ba ta barin tabo ba ta tsoratar da kowa. Basi ba ya zuwa gidan yari ya daɗe, Madam ba ta fitar da shi daga ɗakin, yunwa ba ta kashe Alali, domin in ɗaya daga cikin waɗannan ya auku shirin ya ƙare ke nan. Abin da mai kallo yake gani mako bayan mako shi ne mutumin da ya shekara da shekaru ba ya aiki, ba ya biyan haya, kuma yana nan daram, da fara'arsa da kwarjininsa. Darasin yana zuwa ne a mintin ƙarshe, alhali sauran mintocin duka an ɓatar da su wajen jin daɗin wayon. Duk wanda ya taɓa zama cikin yara ana tatsuniya ya san ba giwar da aka cuta suke so su zama ba.

A tatsuniyar gargajiya akwai abin da yake rage wannan haɗari. Ana yin ta da dare, a bakin tsohuwa, ana buɗe ta da kalmomin da suke sanar da cewa an shiga duniyar ƙarya, a kuma rufe da ƙurunƙus. Gizo dabba ne, dajinsa ba unguwar kowa ba ce. Basi kuwa mutum ne mai riga da wando, a titin da yake da suna, cikin birnin da matasa suke ta kwarara neman arziki. Da aka cire katangar da ke tsakanin tatsuniya da rayuwa, gargaɗin ya ƙara kusantar mai kallo, sha'awar ma ta ƙara kusantarsa. Taken Basi ya shiga bakin jama'a, kuma ba kowane mai maimaita shi ne yake yin haka da sigar ba'a ba.

5.0 Harshen wasan

Manyan wasannin ban dariya na talabijin a wancan zamani sun dogara ƙwarai a kan karya harshe. A The New Masquerade, wanda James Iroha ya ƙirƙira, rabin dariyar tana cikin irin Turancin da Cif Zebrudaya yake ƙerawa. A Samanja na Usman Baba Pategi kuwa, Hausar bariki da gaurayenta da Turancin soja ita ce gishirin wasan. Saro-Wiwa ya bi wata hanya dabam: taurarinsa suna magana ne da daidaitaccen Turanci. Ba rashin iya sarrafa karyayyen harshe ne ya sa shi haka ba, domin a 1985 ya fitar da Sozaboy, ƙagaggen labarin yaƙi wanda ya rubuta shi tun daga farko har ƙarshe da gurɓataccen Turanci da gangan. Zaɓi ne ya yi, irin na tsohon malami mai tunanin yaran da suke zaune gaban akwatin talabijin, kuma mai ganin cewa ɗan ƙaramar ƙabila irinsa ba ya da wata hanyar isa ga dukan ƙasa sai ta Turanci.

Wannan zaɓi yana da riba ta fuskar fasaha. Tun da babu karyayyen harshen da za a jingina da shi, tilas dariya ta fito daga ƙullin labari da halayen taurari, abin da ya fi wuyar rubutawa. Haka kuma ya kuɓutar da wasan daga cutar da ta zama ruwan dare, watau mayar da lafazin wata ƙabila abin dariya. Ba a gane Basi da wata ƙabila ta hanyar lafazinsa. Ɗan birni ne kawai.

Akwai kuma wani sakamako da ya cancanci a tsaya a kansa. A tatsuniyar Hausa Gizo yana da tsamin baki, mai ba da labari yakan lanƙwasa harshe in ya zo maganarsa, yara su fashe da dariya. Wannan tsamin baki tambari ne: yana sanar da mai sauraro cewa ga maƙaryacin nan ya zo, yana kuma ƙasƙantar da shi ko da dabararsa ta ci. Basi ba ya ɗauke da irin wannan tambari. Yana magana kamar akawu, kamar manajan banki, kamar mai karanta labarai. Ta wani gefen wannan gaskiya ce mai ɗaci da marubucin ya hango tun da wuri, domin 'yan damfarar da aka riƙa kira da lambar sashe na 419 na dokar laifuffuka, jarinsu shi ne tsabtataccen Turanci da takarda mai hatimi. Ta ɗaya gefen kuwa, cire tambarin ya ƙara wa Basi kwarjini, ya mayar da shi wanda za a so a kwaikwaya. Harshen da aka zaɓa don ya gyara bakin yara shi ne kuma ya yi wa ɗan damfara ado.

6.0 Inda zambon ya tsaya

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: wa ake yi wa dariya? Dukan mazauna titin Adetola ƙananan mutane ne. Ko Madam, wadda ta fi su abin hannu, mai gidan haya ce kawai. Waɗanda suka sa hannu a takardun izinin shigo da shinkafa, da waɗanda suka karɓi kuɗin kwangila suka bar aiki a yashe, ba su ne suke zaune a tsakiyar dandalin ba. Mai suka yana iya cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Ana iya kāre marubucin da cewa habaici yake yi, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ƙaramin ɓarawo madubin babba ne, kuma masu kallo ba yara ba ne, sun san inda aka dosa. Wannan kāriya tana da ƙarfi, amma tana da iyaka. Habaici yana cin mutum ne in ya tsargu. A nan kuwa hukuma ba ta nuna alamar tsarguwa ba. Ministan watsa labarai na lokacin, Tony Momoh, yabon wasan ya yi saboda kyan Turancinsa. A 1987 ma gwamnatin Babangida ta naɗa Saro-Wiwa cikin daraktocin hukumar wayar da kan jama'a ta MAMSER, ko da yake bai daɗe ba ya ajiye aikin. Dalilin wannan jituwa a fili yake. Saƙon da yake cewa matsalar ƙasa ita ce lalaci da kwaɗayin talaka, saƙo ne da kowace gwamnatin soja za ta yi maraba da shi, domin shi ne ainihin abin da take faɗa a tallace-tallacenta na gyaran hali.

Wajibi ne a tuna da gidan da wasan yake fita. Tun da aka kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya a 1977 har zuwa dokar 1992 da ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, babu tashar talabijin a ƙasar nan da ba ta gwamnati ba ce, ko ta tarayya ko ta jiha. Saro-Wiwa ya mallaki labarinsa da kamfaninsa, amma bai mallaki hanyar da za ta kai su ɗakunan jama'a ba. 'Yancin mai shiryawa yana ƙarewa ne a bakin ƙofar tasha.

Hujjar da ta fi nuna cewa shi kansa ya san da wannan iyaka ita ce abin da yake rubutawa a wasu wurare a daidai waɗannan shekaru. Prisoners of Jebs, wanda ya fito a littafi a 1988 bayan an buga shi kashi-kashi a jarida, zambo ne mai kaifi a kan manya: masu mulki, da alƙalai, da 'yan jarida. A filinsa na Similia a jaridar Sunday Times ya riƙa magana kai tsaye a kan man fetur da haƙƙin ƙananan ƙabilu. Ke nan alƙalamin guda ne, amma kaifinsa ya bambanta gwargwadon inda aka ɗora shi. Inda masu karatu 'yan dubbai ne, ya ambaci manya. Inda masu kallo miliyoyi ne, ya tsaya a kan Basi.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce wasan ya zama kakakin hukuma. Akwai abin da yake nunawa wanda ya fi ƙarfin darasin da yake furtawa. Darasin yana cewa a je a yi aiki, hoton kuwa yana nuna titin da babu aikin yi a cikinsa. Alali ba miliyan yake nema ba, abinci yake nema, kuma mako bayan mako ba ya samu. Wannan yunwa da aka mayar abin dariya ita ce shaida mafi gaskiya da wasan ya bari game da shekarun gyaran tattalin arziki, ko marubucin ya nufa ko bai nufa ba.

7.0 Kammalawa

A shekarar 1990, wadda a cikinta wasan ya tsaya, aka kafa ƙungiyar MOSOP, aka kuma gabatar da takardar haƙƙoƙin Ogoni ga gwamnatin tarayya. Daga nan Saro-Wiwa ya karkata ga gwagwarmaya da kamfanonin mai da hukuma, ya daina sakaya sunan wanda yake nufi. Bambancin yadda aka karɓi ayyukan nan biyu ya isa abin lura: shekarun da ya yi yana zambon ƙananan mayaudara sun jawo masa yabo da muƙami, shekaru biyar da ya yi yana ambaton manya sun kai shi gaban kotun musamman.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne cewa Basi and Company ya yi nasara a matsayin wasa, ya kuma gaza a matsayin magani. Ya nuna cewa ana iya ɗaukar zubin tatsuniya a zuba shi a talabijin ya zauna daram, ana kuma iya sa ƙasa mai harsuna ɗaruruwa dariya ba tare da an yi wa harshen kowa ba'a ba. Amma halin da ya yi niyyar kashewa bai mutu ba, damfara ma ƙara bunƙasa ta yi a shekarun da suka biyo baya. Laifin wannan ba na marubuci ɗaya ba ne, kuma babu wasan da zai iya ɗaukar irin wannan kaya. Abin da ya rage ga masu nazari shi ne su daina tsallake waɗannan shekaru in suna ba da tarihin Saro-Wiwa, domin a cikinsu ne ya koyi yi wa jama'a magana, a cikinsu ne kuma ya ga iyakar abin da dariya take iya gyarawa. Masu rubuta wasannin ban dariya da suke ɗora ɗan wayo a matsayin tauraro, da kowane harshe suke rubutu, tambayar da Basi ya bari tana gabansu: in an tashi daga kallo, wa mai kallo yake so ya zama?